Ta Wace Ƙofa Reshe Zai Shigo

Akwai wani ɗan agogo da ake sayarwa a kan ƙaramin allo, bai kai akwatin ashana ba, lambarsa DS3231, da batir mai siffar kwabo a bayansa. Na saye shi ne saboda kwamfutata Raspberry Pi 4 ba ta da agogon da ke ci gaba da tafiya idan an ɗauke wuta. Da wuta ta dawo, in ba ta samu intanet ba, sai ta farka tana rantsuwa har yanzu jiya ne. Waya huɗu kawai ake haɗawa, biyu na wuta biyu na magana. Na haɗa, na kunna, na zuba ido. Shiru kake ji. Sai na kira wata 'yar manhaja mai suna i2cdetect, wadda ke bin layin gida-gida tana ƙwanƙwasawa. Ta zano mini jadawali wayam, in ban da gurbi ɗaya da aka rubuta 68. Wato akwai mai amsa sallama a gida mai lamba 68, amma Linux bai san ko wane ne ba, kuma ba shi da bakin tambaya.

Layi ɗaya na ƙara a fayil ɗin config.txt, na rubuta dtoverlay=i2c-rtc,ds3231, na kashe na sake kunnawa. Lambar 68 ta koma UU, alamar direba ya kama na'urar, agogo ya bayyana da sunan /dev/rtc0. Duka-duka minti biyu. Sai daga baya na gane wannan layi guda yana zaune ne a kan gardamar da gwanayen Linux suka shafe fiye da shekara goma suna yi. Dabarar kanta tana aiki tun 2013, babu mai musu. Abin da ya hana su barci shi ne ta wace ƙofa za a bari bayanin ya shiga.

Na'urar USB tana da baki. Da ka soka ta za ta faɗi lambar kamfanin da ya ƙera ta da tata lambar, sai kanel, wato ƙashin bayan Linux da ke tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji, ya nemo mata direban da ya dace. Haka na'urorin PCI. Amma abin da ke kan layukan I2C da SPI, da mafi yawan sassan da ke cikin aisin ARM, bebaye ne, sai an gabatar da su. A da, kowane allo sai an rubuta masa nasa fayil da yaren C a cusa a cikin kanel. Alluna suka yi yawa, fayiloli suka yi ta hayayyafa, kowa na kwafar na wani yana canja layi biyu, har a watan Maris na 2011 Linus Torvalds, jagoran Linux, ya fusata ya yi wa mutanen ARM tatas. Maganin da suka ɗauko tsoho ne. Kamfanin Sun ne ya fara shi, aka mayar da shi ma'auni mai lamba IEEE 1275 a 1994, kwamfutocin Apple na zamanin PowerPC ma da shi suka yi aiki. Sunansa bishiyar na'urori.

Bishiyar rubutu ce zalla. Tana da tushe, tana da rassa, kowane reshe na'ura ce, kuma kowanne yana ɗauke da 'yan bayanai: ni irin wane ne, ga adireshina, ga wayar da nake kiran furosesa da ita, a kunne nake ko a kashe. Wata manhaja mai suna dtc, wadda David Gibson ya fara rubutawa, ita ke niƙe rubutun ya zama dunƙulallen fayil. (Duk irin wannan fayil da lambar d00dfeed yake farawa, wani barkwanci ne na masu rubuta manhaja da ya zama doka.) Manhajar tada inji ce ke ajiye shi a memori ta nuna wa kanel wurin, shi kuma ya karanta sau ɗaya lokacin tashi. Sau ɗayan nan a riƙe shi, don duk rigimar da ke tafe daga nan ta samo asali. An gina dubban direbobi a kan zaton bishiyar da aka tashi da ita, da ita za a kwana.

Wanda ya karya wannan zato wani ɗan allo ne, BeagleBone, da ya fito a 2011. Yana da jerin ramuka biyu a gefe da gefe, kowanne 46, ana ɗora masa wasu alluna a kai da suke kira cape, wato alkyabba. Wata alkyabbar ta sikirin ce, wata ta tuƙa mota mai juya ƙafar mutum-mutumi, wata ta sauti. Ana iya jera har huɗu, kowacce da ɗan memorinta da ke faɗin sunanta, a adireshi daga 0x54 zuwa 0x57. Ƙari a kan haka, ƙafa ɗaya ta aisin na iya yin aiki har iri takwas, ya danganta da yadda aka saita ta. In aka ce sai an rubuta cikakkiyar bishiya ga kowane haɗi da mutum zai iya yi, lissafin ba zai ƙare ba.

A ƙarshen 2012 Grant Likely, wanda ke riƙe da sashen bishiyar na'urori a lokacin, da Pantelis Antoniou, wani injiniya daga Girka, suka fito da tsarin da zan kira ɗori. Duk wanda ya ga ana yi wa mangwaro aure ya gane shi: uwar bishiya tana nan da saiwarta, ka yanko reshe daga wani wuri ka ɗaura a inda ka tsaga. Fayil ɗin ɗori yana cewa ne kawai, je ka reshe mai laƙabi kaza, ka kunna shi, ka rataya masa wannan ɗa. Wahalar ita ce bayan an niƙe bishiya laƙabobi suna ɓacewa, lambobi ne ke maye gurbinsu, shi kuwa ɗori bai san lambobin uwar da zai tarar ba. Sai aka koya wa dtc ya riƙa ajiye rajistar laƙabobi a wani reshe na musamman idan an ba shi alamar -@, ɗorin kuma ya zo da jerin guraben da ya bari a buɗe, a cike masa lokacin ɗaurawa. Wannan injin ɗaurawa ya shiga Linux na asali a sigar 3.19, a watan Fabrairun 2015. Ƙofar da mai amfani zai miƙo fayil ta cikinta kuwa, ba ta shiga ba.

Mutumin waje zai ce wannan wane irin aiki ne, a gina ɗaki a hana shi ƙofa. Dalilin yana cikin wata doka da Torvalds bai taɓa sassautawa ba: ba a karya manhajar mutane. A cikin kanel kana iya rushe komai gobe ka sake gini, babu mai tuhumarka. Amma duk abin da ka buɗe wa na waje, sunan fayil ne, tsarin rubutu ne, har kuskuren da ka yi ba da niyya ba, da zarar wani ya dogara da shi ya zama alkawari. Mutanen Linux sun sha wannan ɗacin. A 2008 aka buɗe wata hanya mai sauƙi ta kunna ƙafafun aisi ta cikin /sys/class/gpio. Kowa ya so ta, don ko ɗan koyo zai iya kunna fitila da layi biyu. Daga baya aka ga aibunta: in manhajar da ta karɓi ƙafa ta mutu, ƙafar na nan a karɓe babu mai ita, kuma lambobin da ake kiran ƙafafun da su suna iya canjawa daga wannan kanel zuwa wancan. A 2016 Linus Walleij ya kawo madadinta aka ce a daina amfani da tsohuwar. Shekaru da dama bayan nan tana nan daram, ana goyon ta, domin injuna masu yawa a masana'antu da ita suke numfashi. Wanda ya taɓa ganin haka, in aka kawo masa sabuwar ƙofa, ba ya fara duba ko tana buɗewa. Yana tambaya ne, wa zai ɗauki nauyinta nan da shekara ashirin.

Ƙofar farko da mutane suka sani ita ce ta BeagleBone, wani fayil a cikin sysfs mai suna slots. Masu BeagleBone Black na 2013, a kan kanel 3.8, duk sun haddace shi. Ka karanta shi, ya jero maka alkyabbun da ke ɗore, kowacce da lambarta. Ka rubuta BB-UART1 a cikinsa, nan take tashar sadarwa ta bayyana ba tare da an kashe allo ba. Ka rubuta lamba da alamar ragi a gabanta, ya cire. Ga ɗalibai da masu gwaji wannan abu kamar tsafi ne. Ga masu tsaron kanel kuwa kurakuransa a fili suke. An gina sysfs ne don kanel ya nuna abubuwan da shi ya halitta, fayil ɗaya ƙima ɗaya, kamar tagar da ake leƙa ɗaki. Shi kuwa slots ya zama jerin suna, ya zama wurin ba da umarni, ya zama wurin sokewa, duk a fayil guda, kuma an ɗinka shi daidai jikin allo ɗaya tak. Sannan cirewar nan ta yi ƙaurin suna wajen daskarar da inji, har masu koyarwa suka riƙa cewa in kana so ka cire, kashe ka kunna ya fi maka. Bai taɓa shiga Linux na asali ba.

Akwai wasu ƙofofin da gwani kan duba ya wuce. Ana iya yin fayil na na'ura a /dev a riƙa aika masa umarni, irin maganin da ya warkar da ƙafafun aisi. A can ya dace, don ran abin yana ɗaure da manhajar da ta buɗe shi, ta rufe a sake shi. Amma alkyabba ba ta ɓacewa don manhajar da ta sanar da ita ta rufe, saboda haka abin da ya zama magani a can, a nan ciwo ne. Ana iya jefa shi a debugfs, inda babu alkawarin komai, sai dai kowa ya san mutane za su gina kasuwanci a kai su dawo suna kuka ranar da aka taɓa.

Wadda ta fi kowacce kyau ita ce configfs, kuma a nan nake so in daɗe. Joel Becker ne ya rubuta ta a kamfanin Oracle, ta shiga Linux a 2006, kuma ita ce kishiyar sysfs. A sysfs kanel ke halitta kai ka kalla. A configfs kai ke halitta: ka buɗe folda, kanel ya haifi abu a cikinsa, ka share foldar, ya kashe shi. Ran abin yana hannun na waje, kuma bai dogara da wata manhaja ta ci gaba da gudana ba. Da haka ake mayar da ƙaramin allo ya riƙa shigar burtu a matsayin kibod ko filashi idan an soka shi a wata kwamfutar. Antoniou ya ga ɗori da configfs kamar an yi su don juna. Ka shiga /sys/kernel/config/device-tree/overlays, ka buɗe folda da sunan da ka ga dama, sai ka tarar fayiloli uku sun fito da kansu. Ɗaya na rubuta sunan ɗorin don kanel ya je ya ɗauko a rumbun famwaya, ɗaya na zuba ɗorin kai tsaye, na uku yana gaya maka ko ya kama. Ka gama, ka share folda. Kowane ɗori da ɗakinsa, da sunansa, da hanyar fitarsa, ba a ƙirƙiro wani sabon umarni ba ko ɗaya.

Akwai ma wata 'yar ƙwarewa a ciki da ba kowa ke lura da ita ba. Fayilolin configfs na asali na gajeren rubutu ne, ba sa wuce shafi ɗaya na memori, wanda a yawancin injuna bayit 4096 ne. Ɗori kuwa yana iya fin haka, kuma manhajar da ke kwafarsa tana iya kawo shi gutsure-gutsure. Rabin reshe ba ya ɗauruwa. Sai Antoniou ya ƙara wa configfs sabon nau'in fayil da ke tara duk abin da aka zuba, ba ya miƙa wa kanel sai an rufe shi. Wannan yanki an karɓe shi, ya shiga a sigar 4.5 a 2016. Abin dariya, waɗanda suka fara cin moriyarsa mutanen ACPI ne, wato tsarin bayanin na'urori na kwamfutocin Intel da AMD. A sigar 4.8, cikin shekarar, suka buɗe tasu ƙofar ta configfs don ƙara teburan bayani inji na gudana. An dafa don bishiya, maƙwabci ya cinye.

To me ya hana? Tambaya ɗaya ce masu riƙon sashen a lokacin, Rob Herring da Frank Rowand, suka ƙi sauka daga kanta: idan aka share foldar, me ke faruwa?

Ga abin da ke faruwa. Direba ya zo ya tambayi bishiya sunan wani abu. Kanel ba ya kwafa masa, nuna masa wurin kawai yake yi a memori, direban ya rubuta adireshin ya ajiye, wataƙila ya ba wani sashen, wancan ma ya ajiye. Rassa suna da ƙidayar masu riƙe da su, amma bayanan da ke rataye a jikin rassan ba su da ita. Babu wanda ya san mutum nawa ne ke riƙe da adireshin. In ka cire ɗori ka mayar da memorinsa rumbu, wani ya zo ya zuba nasa kaya a wurin, direban farko zai dawo ya karanta shara yana zaton gaskiya ce, kuma ba lalle abin ya fashe a ranar ba, sai bayan mako uku a wani wuri da ba ruwansa. In kuwa ka ƙi mayarwa don tsoro, to duk ɗaurawa da cirewa sai wani abu ya zube, injin da ke ta yin haka ba iyaka wata rana zai wayi gari babu wurin numfashi. Kanel ya zaɓi zubewar a wasu wuraren, don ita ce mai sauƙin illa, kuma Rowand ya sa shi ya riƙa faɗa da bakinsa.

Ba nan ta tsaya ba. Akwai sassan da ake tayarwa da sassafe, kafin tsarin direbobi ya farka, irin su wasu agogunan ciki da masu rarraba kira zuwa furosesa. Su sau ɗaya suke duba bishiya, ka kawo musu reshe da rana ba za su waiwayo ba. Layukan da aka koya wa sauraron sauyi kaɗan ne, I2C da SPI da na'urorin da ke manne da furosesa kai tsaye. Sannan ɗori yana hawa kan ɗori. In na biyu ya rataya a reshen da na farko ya kawo, ba ka isa ka zare na ƙasa ba sai ka sauke na sama, kamar kwanukan da aka jera. Amma umarnin share folda ba ya tambaya, kuma configfs ba ta ba wa mai ita sarari mai kyau na cewa a'a a daidai wannan gaɓa. Ga kuma ɗori biyu da kowanne ke da'awar ƙafa ɗaya.

Mafi nauyi shi ne iko. Ƙofar da Antoniou ya tsara ba ta da iyaka, kowane reshe na bishiya ɗori zai iya taɓawa. Zai iya canja ƙarfin wutar da ake ba wa wani aisi. Zai iya cewa akwai na'ura a wani adireshi alhali zuciyar kanel ce a wurin, ya sa direba marar laifi ya je ya yi rubutu a kai. Wasu suka ce ai mai cikakken iko a kan inji ne kaɗai zai iya, kuma shi dama komai nasa ne. Wannan hujja ta yi rauni da Linux ya samu tsarin kulle kansa a 2019, wanda ke hana ko mai cikakken iko taɓa cikin kanel. A 2020 Jason Donenfeld, mai manhajar WireGuard, ya nuna yadda za a bi ta waccan ƙofar configfs ta ACPI a cusa tebur na ƙarya a karya kullen. Aka yi maza aka toshe. Ƙofar maƙwabcin da aka yi wa murna, ita ce ta tabbatar da tsoron masu bishiya.

Ba zan ɓoye ba, wannan taka-tsantsan ya ci kuɗi. Buƙatar ba ta mutu don an ƙi ta ba. Raspberry Pi suka ɗauki facin configfs na Antoniou suka saka a nasu kanel, Xilinx ma haka, Geert Uytterhoeven ya yi shekaru yana goyon nasa kwafin don allunan Renesas. Kowa da ɗan bambancinsa, kowa na sake ɗinka facin duk lokacin da sabon Linux ya fito. Akwai masu cewa da an karɓe shi da wuri, da an fi saurin gyara direbobin, tunda ciwon da ke cikin gida shi ake nema wa magani. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma ni ina bayan masu cewa a jira, saboda facin da ke waje ana iya jefar da shi ranar da aka samu wanda ya fi shi, wanda ya shiga kuwa ya shiga ke nan, da shi da rashin iyakarsa.

Inda gwanintar ta fi burge ni shi ne yadda aka sake tambayar daga tushe. Shin da gaske ne na'urar tana canjawa inji na gudana? Wa ke cire alkyabba daga BeagleBone da wuta a jiki? Babu, sai mai son ƙona allo. Agogona ma haka, na kashe kwamfutar kafin in haɗa waya. Ashe a mafi yawan lokuta abin da ake buƙata shi ne a haɗa bishiya daidai da abin da ke kan tebur yau, kafin kanel ya farka. In haka ne ba a buƙatar ƙofa a jikin kanel sam. Manhajar tada inji ta ɗauko uwar bishiya, ta ɗaura rassan, ta miƙa masa cikakkiya, shi bai ma san an yi aure ba. Babu cirewa, don haka duk tambayoyin can na sama sun faɗi da kansu.

Raspberry Pi ta wannan hanya ta bi tun farko. A 2014 suka fito da tsarin allunan da suke kira HAT, wato hula, kowacce da ɗan memorinta da famwaya, wato manhajar tada injin, ke karantawa ta ƙafa ta 27 da ta 28, kuma layin da na rubuta a config.txt famwayar ce ta karanta shi, kanel bai gan shi ba. A 2016 Maxime Ripard, wani injiniya Bafaranshe da ke aiki a kan kwamfutar C.H.I.P. mai dala tara, ya koya wa manhajar tada inji U-Boot da rumbun manhaja libfdt yadda ake ɗaura ɗori, dabarar ta zama ta kowa. A 2017 Robert Nelson, mai haɗa Debian na BeagleBone, ya mayar da aikin alkyabbu hannun U-Boot, fayil ɗin slots ya yi ritaya. Android ma nan ta sauka. Masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano da suka saba fulashin sun sha ganin wani fayil mai suna dtbo.img a cikin kayan da suke zubawa. Shi ne wannan ɗorin. Mai ƙera aisi ya ba da uwar bishiya, mai ƙera waya ya ba da rassan da suka shafi nasa sikirin da kyamara, manhajar tada waya ta haɗa su a 'yan daƙiƙun da tambarin kamfani ke kan fuska. In aka zuba na wata wayar daban, ana iya samun waya ta tashi amma sikirin baƙi ƙirin ko taci ya ƙi ji.

Saura 'yan wuraren da ƙarfe ke canjawa da gaske ana tsakiyar aiki. Akwai aisin FPGA, wanda ake sake wa tsarin wayoyin ciki da manhaja, yanzu yana da tashar sadarwa biyu, an jima ba shi da ko ɗaya. Akwai katin PCI da a cikinsa akwai gari guda na bebayen na'urori. A irin wannan amsar da ta samu karɓuwa ita ce a ba wa direba wuƙa da nama. Direban katin Microchip LAN966x misali ne mai kyau: katin ya faɗi sunansa kamar kowane na PCI, direbansa ya tashi, ya ɗauko ɗorin da aka gina a jikinsa tun wurin haɗa kanel, ya ɗaura shi a ƙarƙashin reshen katin kaɗai. An cire kati, direba ya kwance abin da ya ɗaura. An san abin da ke cikin ɗorin tunda masu bita sun karanta shi, an san iyakarsa, an san mai shi. Ɓangaren FPGA kuwa har yanzu da ɗan gurguntaka. Tsarin da Alan Tull ya shigar yana jiran ɗori ya iso ya fara aiki, amma Linux na asali bai ba wa mai amfani hanyar miƙo shi ba, shi ya sa masu sayar da irin waɗannan aisi suka fi kowa riƙo da facin configfs.

Hanyar da ake fatan za ta warware sauran tana ƙoƙarin rage wa ɗori iko ne. Tun 2016 David Gibson ya kawo shawarar a bayyana soket ɗin kansa a cikin bishiya, a ce ga ramukan da ke akwai, ga layukan da suka iso nan, ɗori ya yi magana da soket kawai ba tare da ya san sunan komai na cikin gida ba. In aka yi haka, allo ɗaya zai yi aiki da ɗori ɗaya a kan kowace uwa mai irin wannan soket, kuma ba zai iya miƙa hannu ya taɓa wutar furosesa ba. A 2024 injiniyoyin kamfanin Bootlin na Faransa, irin su Luca Ceresoli da Hervé Codina, suna ta aiki a kan wannan don na'urorin da ake zare wa wani sashe a mayar ana cikin aiki, kuma rabin wahalarsu a direbobi take, bin su ɗaya bayan ɗaya ana koya musu cewa abin da suke riƙe da shi yana iya tafiya.

Da na karanci duk wannan sai ƙaiƙayi ya kama ni, na ce bari in bi ta ƙofar da aka ƙi. Kanel ɗin Raspberry Pi yana da ita. Na goge layina daga config.txt, na sake kunnawa, agogo ya ɓace, 68 ta dawo gurbinta. Na rubuta umarnin dtoverlay da sunan agogon, inji na gudana. Kafin in ɗaga yatsa /dev/rtc0 ya bayyana, na leƙa cikin configfs na tarar da sabuwar folda da fayilolinta uku, na ukun yana cewa ya kama. Daɗi ya kama ni, har na fara tunanin ko dai mutanen nan sun cika tsanani.

Sai na buɗe littafin da kanel ke rubuta abin da ya same shi. Layin ƙarshe gargaɗi ne, irin wanda Rowand ya saka. Ban cire komai ba tukuna, amma yana sanar da ni tun yanzu cewa ranar da na cire wannan ɗori wani ɗan memori zai zube ba zai dawo ba, har ya faɗi wurin: reshen i2c@7e804000, bayanin da ke cewa a kunne yake ko a kashe. Bayit kaɗan ne. Na mayar da layin cikin config.txt, na kashe, na kunna. Da daddare aka ɗauke wuta wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ba a dawo da ita ba sai bayan asuba, kwamfutar ta tashi tana nuna shida saura kwata.